Gogen Boga Iliasu Mai Tsirkiya Huɗu

A unguwar Maamobi, ta bayan babbar kwata, an yi wani mutum wai shi Iliasu. Ba ya dako, ba ya ɗinki, ba ya tuƙi. Magana ce sana'arsa. Da ƙuruciya ya ɗan taɓa goge, har ya san inda ake riƙewa. Iyakar karatun ke nan.

Shekarar da aka koro mutane daga Legas, shi kuma sai ya ɓace daga unguwa. Da ya dawo, ya dawo da kwat mai kauri, da baƙin tabarau, da wani baƙin akwati mai siririn ƙugu. Ya ce daga Jamus yake. A garin nan duk wanda ya je Jamus ya dawo Boga ake ce masa, shi ma sai ya zama Boga Iliasu. Masu dakon kifi na garin Tema sun rantse sun gan shi yana wanke kwanuka a bakin tashar jiragen ruwa, kuma wani bugaggen ma'aikacin jirgi ne ya ba shi akwatin, shi kuma Iliasu ya ba shi aku a madadi. Amma Tema da nisa, bakin Iliasu kuwa a kusa yake.

Abin da ke cikin akwatin gogen Turawa ne. Jan katako mai sheƙi, babu ƙwarya, babu fatar guza, tsirkiya har huɗu a jere. Ba wanda ya taɓa jin ya kaɗa shi. Buɗewa yake yi a gani, ya rufe.

Ana nan sai Sarkin Gogen unguwa ya rasu, aka mayar da rawaninsa gidan Sarkin unguwa. Kowa ya san Baba Abass za a naɗa, wani tsoho mai mataccen kunne ɗaya, wanda yake kaɗa wa mata biki tun kafin a kawo wutar lantarki. To, rawanin nan ne ya shiga ran Iliasu. Ba don kiɗa ba. Mai rawani kujera ake ba shi kusa da Sarki, a durƙusa a gaishe shi, kuma ba mai tambayarsa sunan titin da ya zauna a Jamus.

Wata safiya ya ɗauki akwatinsa ya tafi rumfar Musah wanzami, wadda ke manne da shagon Ganiyu tela. Ya tarar ana yi wa Baba Abass aski.

"Baba, ina kwana. Wai gogen naka tsirkiya nawa ne?"

"Ɗaya."

"Ɗaya. Allah sarki. Nawa huɗu."

Tsohon bai ko ɗaga kai ba. "Akuyata ma ƙafa huɗu gare ta. Ba a naɗa ta ba."

Aka yi dariya. Iliasu ba ya ɗaukar dariya. Ya ɓalle akwati, ya ɗaga gogen sama, ya fara nuna tsirkiyoyin da yatsa.

"Kun ga wannan mai kaurin ta gefe? Muryar Sarki ce. Wannan siririyar ta ɗaya gefen, Magajiya."

Mutane suka matso. Kowa ya san Sarkin unguwa da Magajiya Mulikatu, shugabar mata, ba sa magana da juna tun rigimar inda za a kafa famfo. Sai dai aike.

Ganiyu ya leƙo daga kan kekensa. "To biyun na tsakiya fa, Boga?"

"Kai da Musah. Masu kai gulma su kawo."

"Kai, cale! Haba aboki!" in ji Ganiyu.

"Ku saurara. A Jamus, ni nan, ja ɗaya nake yi, Sarki da Magajiya su yi magana tare, munafukan tsakiya ba su ce uffan ba. Turawa kuka suke yi. Wata tsohuwa sai da aka ɗauke ta a mota."

Musah ya tsaya da aska a hannu, ya sunkuya ya dubi gogen. Tsirkiyoyin a kan wani ɗan katako suke mai lanƙwasasshen baya, na tsakiya sun fi na gefe tudu.

"Massa Boga, ta ina za ka bi? Ni ko aski nake yi, ba na taɓa kunne biyu lokaci ɗaya ban bi ta tsakar kai ba."

"Shi ya sa kai wanzami ne, ni Boga."

Kafin azahar maganar ta isa gidan Sarki, ta isa gidan Magajiya. Ba sai an faɗi waɗanda suka kai ba. Da la'asar Musah ya zo da saƙo: Sarki ya ce ranar sunan jikansa Iliasu ya zo ya yi abin nan a bainar jama'a. In ya yi, rawani nasa ne. In ya kasa, na Abass.

Iliasu ya yi murmushi. Ya riga ya gama shawara. Zai kwance na tsakiyar biyu ya sa a aljihu, shi ke nan.

Sai ga Ganiyu da gudu. Ganiyu jikan Yarbawa ne, haifaffen Nima, maƙwabciyar unguwar Maamobi, a Hausarsa mace da namiji duk ɗaya ne.

"Boga, Magajiya ya ce in gaya maka. Ya ce tsirkiya huɗu ka nuna, huɗu zai ƙirga da hannunshi. Ya ce in ka cire ni ko ka cire Musah, wasa ya mutu."

"Wa ya ce zan cire? Ni yaro ne?"

Ya shiga ɗaki ya daɗe bai fito ba.

Washegari da hantsi ya zauna a tsakar gida ya fara. Gidan haya ne, ƙofofi a jere, kowa na ganin kowa. Ya shafa wa izga ƙaro, wato sandar nan mai gashin doki da ake goga tsirkiya da ita. Ya dafe gogen a ciki irin riƙon goge na gida. Dabararsa ta farko ita ce ƙarfi. Ya ce in ya danna sosai, na tsakiya za su sunkuya don dole. Ya danna, ya ja.

Abin da ya fito ba kiɗa ba ne. Matarsa Amama, mai sayar da koko da ƙosai, ta yar da mataci ta fito a guje. Matan gidan suka fito, wata da bokitin ruwa, wata da taɓarya.

"Ina magen? Wa ya taka ta?"

"Ba mage ba ce, ɗaurin murya nake yi."

"Maigida, in ɗaurin ke nan, Allah ya raba mu da kwancewar."

Ya sake ja. Duk huɗun suka yi kururuwa tare. Gashin izga ya fara tsinkewa yana reto kamar gemun masara.

Dabara ta biyu, yatsa. Ya ce zai danne na tsakiya da yatsu biyu su kwanta ƙasa, izga ta wuce ta samansu. Amma yatsun Iliasu kamar rogo suke. Ya danne ɗaya, ɗaya ta kuɓuce. Ya kamo ta, yatsa ya hau kan Magajiya ya shaƙe ta. Zuwa yanzu mutanen gidan sun san kowace tsirkiya da muryarta. Daga bayan labule sai ka ji an ce:

"Ganiyu ya sa baki!"

Ya sake ja.

"Wannan Musah ne! Ya ce bai yarda ba!"

Ya tashi ya tafi shagon Ganiyu, ya ce a ba shi zare mai ƙarfi.

"Me za ka ɗinka?"

"Bakinka."

Ya dawo ya ɗaure na tsakiyar biyu, ya zagaya zaren ta bayan gogen ya ja ya ƙulle, ya sake zagayawa, har gogen ya koma kamar ƙafar da mai ɗori ya gama da ita. Zaren kuwa bai san Sarki ba, bai san talaka ba, ya kwanta a kan duk huɗun. Iliasu ya ja izga. Wani ɗan tusa-tusa ya fito, ya mutu.

Amama tana tuyar ƙosai ba ta ko juyo ba. "To, madalla. An kama har da Sarki."

Nan Iliasu ya gane mai laifi. Ɗan katakon nan da tsirkiya ke hawa, masu goge jaki suke ce masa. Jakin gogen gida ɗan reshe ne, tsirkiya ɗaya yake ɗauka, ba ruwansa. Na Bature kuwa doro gare shi, shi ya ɗaga Ganiyu da Musah sama da manyansu.

"Turawa ba su da ladabi," in ji shi. "A ɗora tela sama da Sarki?"

Ya ɗauki wuƙar yanka albasa ta Amama, ya ce zai haƙa wa munafukan rami biyu a bayan jakin su faɗa ciki. Jakin siriri ne kamar biskit. Ramin farko ya haƙu. A na biyu aka ji ƙas. Jaki ya rabu biyu, tsirkiyoyi suka zube a kan katako, sai kuma wani abu ya faɗi a can cikin gogen, yana gangara, ƙwal-ƙwal.

Mutanen gidan suka matso.

Iliasu ya kifa gogen ya girgiza, ya girgiza, har wani ɗan guntun ice kamar yatsan jariri ya faɗo ta ramin gefe. Icen nan a tsaye yake a ciki, shi ne ginshiƙin da ke tallafe da cikin gogen don kada ya lotsa. Iliasu bai san haka ba. Ya ɗaga shi sama.

"Jama'a, ku shaida! Sammu! Shi ya sa hannuna ya ƙi. Na san wanda ya sa."

Ya bi layi da guntun icen a tafin hannu, yana nuna wa masu gasa masara, da masu jiran famfo, har rumfar Musah, inda Baba Abass ke gyangyaɗi.

"Baba, ga aikenka. Bai ci ni ba."

Abass ya karɓa ya juya shi, ya shinshina. "In ba ka so, bar min. Zan yi sakace."

Iliasu ya fizge, ya tofa masa addu'a, ya wurga shi cikin kwata. Ya ce yanzu hanya ta buɗe.

Sai dai babu jaki. Ya ji Musah zai tafi karar shanu ta Ashaiman, inda mutanen arewa suke, ya ce a ransa a cikinsu ba za a rasa mai sassaƙa kayan goge ba. Ya ja Musah gefe.

"In ka je, ka samo min jaki."

"Jaki?"

"Ƙarami, mai ƙwari. Bayansa a shimfiɗe. Kada ka kawo min mai doro, doro ne ya cuce ni."

"Don kiɗan?"

"In babu jaki, a kan me Sarki da Magajiya za su hau?"

Musah a Maamobi aka haife shi. Jaki ɗaya ya sani a Hausa, shi ma a littafin makaranta ya fi ganinsa. Ya ce to.

Ranar da ya dawo, tun daga babban titi aka fara jin ihu. Iliasu ya fito ƙofar gida. Ga Musah a gaba da igiya, ga jaki a baya, na gaske, mai kunne da wutsiya. Wani Bamoshe mai shanu ne ya ba da aronsa. A bayan jakin kuwa rabin Nima ne, don mutane da yawa a nan ba su taɓa ganin jaki ido da ido ba. Masu talla sun bar talla. Wani direban tirotiro ya tsayar da mota da fasinja a ciki ya biyo.

"Massa Boga, ga shi. Duba bayan. Kamar tebur. Amma na ce da kai, Magajiya da nauyi fa. Su biyu ba zai ɗauka ba."

Iliasu ya buɗe baki zai zage shi. Sai taron ya ɗauka: "Boga! Boga! Boga!" Tun da aka haife shi bai taɓa tara mutane haka ba. Ya rufe bakin. Ya gyara tabarau. Ya zagaya jakin a hankali, hannu a baya, ya ɗaga masa leɓe ya duba haƙora.

"Ba laifi. Bai kai na Jamus ba, amma ba laifi."

"A Jamus ma da jaki ake yi?" wani ya tambaya.

"Kowane babban makaɗi da jakinsa. A bayan gida ake ɗaure su. Gashin wutsiya ake cira a gyara izga. Ku ba ku ga tawa ta zube ba? Ganiyu, almakashi."

Baba Abass kaɗai ya gane abin da ya faru. Ya zauna a bakin kwata yana dariya har tari ya sarƙe shi, bai gaya wa kowa ba.

Iliasu ya naɗe hannun kwat, ya tsuguna a bayan jaki, ya kama wutsiya ya ja don ta miƙe. Jakin ya sha doguwar tafiya a bayan akori-kura, ga hayaniya, ga yunwa. Bai yi shawara da kowa ba. Ƙafa biyu ya haɗa.

Boga ya tashi sama, ya sauka da mazaunai cikin bahon gasarar da Amama ta jiƙa don kokon gobe. Jaki ya fizge igiya ya nufi kasuwa, Musah na binsa, taro na bin Musah.

Amama ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu. "Maigida, in kwashe ka tare da gasarar, ko in tace ka?"

"Ke ba ki san komai ba. Jakin da bai yi harbi ba, gashinsa ba ya kiɗa."

"To ina gashin?"

Ya buɗe hannu. Sili uku, kowane bai kai tsawon yatsa ba.

Ya yi jinyar haƙarƙari a ɗaki, yana cewa nazari yake yi. Da ya iya miƙewa, muciyar Amama ta ɓace. Da ita ya sassaƙa sabon jaki: ƙato, mai kauri, mai tsayi, gefe da gefe a sama, tsakiya rami biyu masu zurfi. Ya tura Ganiyu da Musah cikin rami, ya ɗora Sarki da Magajiya a kan tudu, ya murɗa kunnuwan gogen har tsirkiya ta miƙe. Ya ja abin da ya rage na izga.

Murya biyu suka fito. Babba da ƙarama. Ba daɗi, amma biyu ne, kuma na tsakiya shiru.

Shi kansa sai da ya tsorata. Sannan ya tashi ya sa kwat, ya tafi wajen Ganiyu ya ce a auna kansa, don ya san irin hular da za ta zauna ƙarƙashin rawani. Cikin gogen kuwa, da babu ginshiƙi, ga jakin muciya ya hau shi, ya fara lotsawa yana ɗan kuka ƙi-ƙi. Amama ta ce abin nan yana nishi. Ya ce gaisuwa yake yi.

Ranar suna aka tashi da ruwan sama. Da ya ɗauke, aka kafa rumfuna a filin ƙofar Sarki, mata suka ɗora manyan tukwane. Duk mai goge ya san in aka yi ruwa fatar guza takan saki, sai an ɗumama ta a wuta ta ɗame. Baba Abass ya tsuguna gefen wani ɗan garwashi yana juya ƙwaryarsa. Iliasu ya gan shi.

"Baba, wannan ai wutar shan taba ce. Matsa ka ga."

Ya wuce babban murhun da ake dafa shinkafa da wake, ya kara gogensa a bakin wuta, ya juya gaba, ya juya baya. Gogen Bature ba fata gare shi ba. Katako ne aka manna da katako da danƙo, danƙon kuma ba ya shiri da wuta. Jan fentin ya fara tashi ƙuraje-ƙuraje. Wani wari ya tashi.

Wata mai girki ta ɗaga hanci. "Wa ya sa ganda a wuta?"

"Ƙamshin Jamus ne, Mma. Ci gaba da tuƙinki."

Aka zauna. Sarki a dama da mutanensa, Magajiya a hagu da matanta, tsakaninsu fili. Rawani fari a kan faranti a hannun dogari. Baba Abass ya fara. Ya kaɗa abin da ya saba kaɗawa, mata suka taka, aka yi guɗa, ya koma ya zauna ya kama gyangyaɗi.

Sai Boga ya fito. Kwat a wannan zafi, tabarau, gumi har ƙeya. Magajiya ta miƙo hannu, aka kai mata gogen, ta ƙirga da yatsa.

"Huɗu. Amma wa ya tura min Ganiyu a rami?"

"Hajiya, ai wurin da ya dace da shi ke nan."

"Wannan jakin kuwa kamar na san shi. Amama, ba muciyarki ba ce?"

"Ita ce, Hajiya. Ta yi aure."

Iliasu ya karɓi kayansa ya tsaya a tsakiyar fili. Da ya ja kawai, da an wuce wurin. Amma ga taro, ga baki.

"Ranka ya daɗe! Wannan tsirkiya mai kauri, kai ne. Ba kama ba ce, kai ne da kanka. Ƙarfinta ƙarfinka. Tsawon ranta tsawon ranka. Yadda ba ta tsinkewa, haka kai ma!"

Liman ya motsa a kan buzunsa. "Iliasu, ka ce in Allah ya yarda."

"Ya riga ya yarda, Malam. Hajiya Magajiya, wannan siririya ke ce. Ita da ke rai ɗaya."

Ya dafe gogen, ya ɗora izga, ya ja a hankali.

Suka fito tare. Babbar murya a ƙasa, siririya a sama, tsakiya shiru. Ganiyu ya dubi Musah. Sarki ya ɗan karkata kai ya saci kallon Magajiya, ita ma ta saci nasa. Dogari ya fara warware rawani. Iliasu ya ga farin ƙyallen yana tahowa, har ya fara sunkuyar da kai.

Sai Sarki ya yi gyaran murya. "Musah. Gaya masa kamar muryar wancan ɓangaren ta fi fita."

Iliasu bai jira Musah ba. "Ranka ya daɗe, yanzun nan." Ya kama kunnen tsirkiyar Sarki ya murɗa. Ya ja.

Magajiya ta gyara mayafi. "Ganiyu. Gaya masa ni ba a danne ni. Ya ƙara min."

Ya murɗa na Magajiya. Gogen ya ce ƙiii.

"Ƙara," in ji Sarki.

"Ƙara," in ji Magajiya.

Maza suka ɗauka, mata suka ɗauka. Wannan gefe ƙara, wancan gefe ƙara. Amama ta ratsa ta zo kusa. "Maigida, karɓi rawaninka ka zauna. Wuyan abin nan yana lanƙwashewa."

"Koma wajen tukunya. A Jamus nan ne ake fara wasa."

Ya kama kunnuwa biyu lokaci ɗaya, na Sarki da na Magajiya, ya ciji leɓe, ya murɗa.

Tas!

Sarki ya tsinke. Kafin a ce innalillahi, Magajiya ta bi shi. Cikin gogen ya rufta, wuyan ya saki daga jiki ya naɗo gaba, jakin muciya ya yi tsalle kamar an harba shi da gwafa, ya sami Boga a tsakar goshi. Tabarau ya yi gabas, izga ta yi yamma. Ya zauna daɓas a cikin taɓo, wuyan gogen a hannu ɗaya, gangar jikin tana lilo a ƙasa. Abin da ya riƙe su tare tsirkiya biyu ce, na tsakiya, ko ƙwarzane babu.

Ba wanda ya yi dariya da farko. Uwargidan Sarki ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Matan Magajiya suka kewaye ta, wata na taɓa mata goshi, wata na mata fifita. Liman ya miƙe yana ta jero addu'ar tsari, yana tofawa dama da hagu. Sarki ya dafe ƙirji yana lalube ko yana nan.

Cikin wannan ruɗani aka ji muryar Ganiyu. "Musah, kai lafiya?"

"Lafiya lau. Kai fa?"

"Mu dai Allah ya tsare mu."

Nan fili ya fashe. Har dogari sai da ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

Sarki ya miƙe. Bai nemi Musah ba, bai nemi kowa ba. Ya dubi Magajiya ido cikin ido. "Hajiya, kin ji abin da mutumin nan ya yi mana? A ranar sunan jikana?"

"Na ji, ranka ya daɗe. Da ni da kai ya kashe a ja ɗaya."

"A naɗa Abass."

Aka tashi Baba Abass daga barci. Ya ji ana zagaya masa ƙyalle a ka, ya juyo da kunnen mai rai. "Boga ya fara ne?"

Iliasu yana zaune inda ya faɗi, jini na bin hancinsa. Ba wanda ya kula shi sai Amama. Ta zaro tsumman da take sauke tukunya da shi, dogo, baƙi ƙirin da toka da manja. Ta naɗa masa a ka, ta zagaya, ta sake zagayawa, ta ratso ta ƙarƙashin haɓa ta soke. Ta tattara katakan ta zuba a akwati, ta ɗora a kanta, ta tasa shi gaba.

Suka bi ta bayan layi. Yana ɗingishi har suka kai bakin titi. Nan suka ci karo da wani direba ɗan unguwar Alajo, ya sauke fasinja ke nan, bai je wurin suna ba. Ya ga kai a naɗe, ya ga mace a baya da kaya. Ya leƙo ta taga.

"Ei, Boga! Yaya aka ƙare?"

Iliasu ya tsaya. Ya miƙe wuya. Ya sa hannu ya gyara bakin tsumman a ƙarƙashin haɓa.

"Ba ka da ido? An naɗa ni. A gaban Sarki, a gaban Magajiya, a gaban Liman."

Direba ya sauko da sauri ya rusuna. "Ranka ya daɗe! Wa ya yi naɗin? Sarki da hannunsa?"

"Ni ce," in ji Amama. "Kuma ya yi sauri mu isa gida ya kwance min. Na bar wake a wuta."